Giram 30 na me? Awon tabar wiwi da iyakar da doka ke gindayawa

Duk lokacin da labari ya fito cewa wata ƙasa ta sassauta dokar tabar wiwi, lamba ɗaya ce ke yawo a bakin mutane. Kanada giram 30. Jamus giram 25. Kalifoniya oza ɗaya. Daga nan sai a rufe zance, kamar duk wanda ya haddace lambar ya san dokar. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin waɗanda wannan guntun sani ke jefawa rami yawancinsu ba dillalai ba ne. Dillali ya san lissafinsa. Ɗalibai ne, da matafiya, da baƙin da suka je neman na kansu, waɗanda suka ji an ce "ai a can ba laifi ba ne". Ba kiran kowa nake yi ga shan wiwi ba, kuma amincewar doka ba ta wanke ta daga cutarwa. Abin da nake so a gane shi ne lambar ba ta da amfani sai an san giram na me ake nufi, da wane sikeli aka auna, a ina aka samu mutum da ita, kuma shi wane ne a idon hukuma.

Mu fara da awon kansa. A Amurka da Kanada da Ingila, cinikin wiwi ya gaji ma'auni biyu a cakuɗe: ƙanana da giram, manya da oza da laba. Oza ta gaskiya giram 28.35 ce. Laba kuma oza 16 ce, wato giram 453.6. Sai dai masu ciniki ba sa son ɗigo, sai su datse. Kashi ɗaya bisa takwas na oza, wanda shi ne awon da aka fi saye, a lissafi giram 3.54 ne, a hannun mai sayarwa 3.5. Kwata giram 7, rabi 14, cikakkiyar oza 28. Idan aka haura zuwa laba sai giɓin ya fito fili: 28 sau 16 giram 448 ne, ya gaza laba ta gaskiya da giram 5.6. Wannan tauye mudu ne da kowa ya saba da shi har ya zama al'adar sana'ar. Kotu kuwa ba ruwanta da al'adar sana'a. Dokar da ta ce oza tana nufin 28.35. Kalifoniya ma da giram ta rubuta tata a 2016, ta ce 28.5, wato oza da ɗan ƙiris a kai.

Akwai wata ozar kuma, kuma nan ne kuskure mai arha ke zama mai tsada. Ozar da ake auna zinare da azurfa da ita giram 31.1 ce. Ɗauki ƙaramin sikelin aljihu na lantarki, irin mai murfi da faranti kamar tafin hannu. Yana da maɓalli ɗaya da ke sauya ma'auni: ka danna ya nuna g, ka ƙara ya nuna oz, ka ƙara ya nuna ozt. Harafin t ɗin nan ƙarami ne a kusurwar allon, ido na iya tsallake shi. Wanda ya auna "1.00" sikelinsa na kan ozt, giram 31.1 ke gabansa. Ya wuce 28.5 na Kalifoniya, ya wuce 30 na Kanada, alhali shi a ransa oza ɗaya cif ya auna.

Sauran matsalolin sikeli sanannu ne ga duk mai aikin awo. Sikelin kicin da ke ƙirga giram ɗai-ɗai bai dace da wannan aiki ba, domin 25.4 zai nuna maka 25. Ana bukatar mai nuna ɗigo ɗaya aƙalla, mai ɗigo biyu ya fi. A ɗora shi kan wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ba kan katifa ko darduma ba, nesa da fanka. A ɗora mazubin babu komai a ciki, a danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, sannan a zuba. Batirin da ya yi sanyi yana sa lamba ta riƙa rawa. A kuma riƙa gwada shi da ƙarfen gwaji mai sanannen nauyi, na giram 50 ko 100. In ya nuna 49.2 a madadin 50, duk awon da ya yi a baya abin tuhuma ne. Haka abin yake a ɓangaren hukuma. Awon da ɗan sanda ya yi a bakin titi, da leda ko kwalba a kai, awon wucin gadi ne. Wanda ya kamata kotu ta dogara da shi shi ne na ɗakin gwaji, bayan an cire nauyin mazubi, da sikelin da ke da takardar shaidar daidaitawa. Lauyan da bai tambayi wannan ba a shari'ar da giram biyu ke raba tara da kurkuku, bai yi wa wanda yake karewa adalci ba.

Sai ruwa. Furen wiwi da aka yanke yanzu kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne da zai tafi in ya bushe. Giram 200 ɗanye zai koma wajen 40 zuwa 50. Ko busasshen ma yana riƙe da laima wajen kashi 10 zuwa 12, yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon iskar wurin da aka ajiye shi. Dokar da ba ta fayyace ɗanye ko busasshe take nufi ba, ta bar ƙofa a buɗe a hukunta mutum kan ruwa. Jamus ta fayyace a dokarta da ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2024: nauyin bayan bushewa ake nufi, giram 25 a waje, giram 50 a gida, da tushe uku ga babban mutum. Amma ita ma ta bar ƙulli. Tushe uku masu lafiya na iya ba da fiye da giram 50 nesa ba kusa ba, kuma dokar ta hana miƙa wa wani ko da kyauta ne. Ke nan wanda ya yi shukar da doka ta yarda da ita zai iya wayar gari ranar girbi yana riƙe da abin da doka ta hana. Wannan kuskuren masu rubuta doka ne, bai kamata a ɗora wa ɗan ƙasa ba.

A ganina Kanada ce ta fi kowa zama ta yi wannan lissafi a fili, tun dokarta ta 17 ga Oktoba 2018. Ta ce giram 30 na busasshe a bainar jama'a "ko kwatankwacinsa", sannan ta rubuta kwatankwacin. Giram 1 busasshe daidai yake da giram 5 ɗanye, ko giram 15 na abin ci da aka haɗa da wiwi, ko kwatan giram na tataccen sinadari, ko ƙwayar iri ɗaya. Saboda haka iyakar tana iya zama giram 150 ɗanye, ko 450 na abin ci, ko 7.5 kacal na tatacce, ko ƙwayar iri 30. Abin da mutane ke mantawa shi ne haɗa su ake yi, ba kowanne da nasa kason ba. A ce jaka na ɗauke da busasshe giram 20, da tatacce giram 2, da alawar wiwi giram 45. Tataccen ya zama 8, alawar ta zama 3, jimilla 31. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya kusa iyakarsa shi kaɗai, amma mai jakar ya haura. Don haka ne kayan da ake sayarwa a shagunan Kanada masu lasisi ke ɗauke da rubutun kwatankwacinsu da busasshe a jikin kwali. Har gyara hukumomin Kanada suka yi a ƙarshen 2022, da suka ga tsohon lissafin abin sha ya tsayar da mutum kan gwangwani biyar, alhali sinadarin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Suka ɗaga zuwa lita 17.1, wato gwangwani 48.

Yanzu a dubi akasin haka, wanda shi ne ya fi ci min tuwo a ƙwarya a duk wannan batu. A jihar Texas, wanda aka kama da ganyen wiwi da bai wuce oza biyu ba, wato giram 56.7, ƙaramin laifi ya yi: ɗaurin da bai wuce kwana 180 ba da tarar da ba ta wuce dala 2,000 ba. Amma man wiwi ko tataccensa wani rukuni daban aka sa shi, inda ko ƙasa da giram 1 babban laifi ne. Daga giram 4 zuwa 400 ɗaurin shekara 2 zuwa 20 ne, daga 400 zuwa sama shekara 5 zuwa 99 ko rai da rai. Kuma dokar ta ce a auna har da duk abin da aka gauraya da shi. Ka ga in an zuba man wiwi giram 2 cikin kwaɓin kek da ya kai giram 450, abin da za a rubuta a takardar tuhuma 450 ne. Fulawa da sukari da ƙwai duk sun zama ƙwaya. Wannan tunani ba na Texas kaɗai ba ne: Kotun Ƙolin Amurka ta amince da shi a 1991 a wata shari'ar LSD, wata ƙwayar maye da ake ɗigawa kan takarda, inda ta ce a haɗa da nauyin takardar da aka ɗiga ƙwayar a kai. Ko mutum ya fi kowa ƙin wiwi, ban ga yadda zai kira wannan adalci ba. Mutum biyu masu sinadari daidai wa daida, ɗaya ya samu 'yan shekaru, ɗaya ya fuskanci rai da rai, bambancinsu kawai yawan fulawa.

Gaskiyar magana ita ce nauyi ma'auni ne mai rauni tun asali, domin abin da ke bugarwa sinadarin THC ne, kuma yawansa a giram ɗaya ba tsayayye ba ne. Wiwin da hukumomin Amurka ke kamawa a 1995 matsakaicin ƙarfinsa wajen kashi 4 cikin ɗari ne, zuwa 2014 ya kai wajen kashi 12, yau kuma a shaguna masu lasisi kashi 20 ba abin mamaki ba ne. Lissafin mai sauƙi ne: giram 1 miligiram 1,000 ne, don haka kashi 20 yana nufin miligiram 200. Oza mai kashi 4 tana ɗauke da miligiram 1,120, mai kashi 20 kuma 5,600. Sikeli zai ce duka 28 ne. Akwai kuma ɗan sirri a takardun gwaji: a cikin furen da ba a ƙona ba yawancin sinadarin yana siffar THCA, sai zafi ya taɓa shi yake juyewa, kuma yana rasa wani nauyi wajen juyewar. Shi ya sa ake ninka adadin THCA da 0.877 sannan a haɗa da THC don a samu jimilla. Wanda ya karanta layin THC kaɗai a kwali zai ɗauka abu mai sanyi ya saya.

Jihar Kolorado ta Amurka ta yi ƙoƙarin cike wannan giɓi wajen sayarwa: oza ɗaya ta fure daidai da giram 8 na tatacce, ko miligiram 800 na THC a abin ci. Wani zai ce ina 800 ina 5,600? Dalilin yana cikin jiki. Abin da aka ci sai ya bi ta hanta, ta juya shi zuwa wani sinadari mai ƙarfi, kuma ba ya fara aiki sai bayan minti 30 zuwa awa 2. Nan ne ake yin ɓarna: mutum ya ci, ya jira minti ashirin bai ji komai ba, ya ƙara, sai duka su taso masa lokaci guda, a kwashe shi zuwa asibiti. Saboda haka Kolorado ta tsayar da miligiram 10 a matsayin ci ɗaya, 100 a kwali, Kanada kuma ta ce 10 a kwali gaba ɗaya. A lura, lambobi biyu ne a jikin kwalin kuma ba aikinsu ɗaya ba. Giram nauyin alawar ne, miligiram kuma ƙarfinta. Kotunan Jamus ma da sinadarin suke auna girman laifi: tun 1984 suka tsayar da giram 7.5 na tsantsar THC a matsayin adadin da ba a kiransa kaɗan, kuma babbar kotun tarayya ta sake tabbatar da shi a 2024 bayan sabuwar doka. In ƙarfin kashi 10 ne sai an kai giram 75 na fure, in kashi 20 ne giram 37.5 ya isa.

Wuri ma yana sauya lamba. A jihar Michigan ta Amurka oza biyu da rabi a waje, oza 10 a gida, amma abin da ya haura biyu da rabi dole ya kasance a kulle. New York oza uku a waje da giram 24 na tatacce. Illinois kuwa, a dokarta da ta fara aiki a 2020, har katin shaida ta sa a duba: mazaunin jihar giram 30, baƙo 15. A Yurugwai, wadda ta riga kowace ƙasa halatta cinikin a 2013, giram 40 ne a wata, 10 a mako daga kantin magani, amma sai ɗan ƙasa ko mazaunin da ya yi rajista. Ɗan yawon buɗe ido ba shi da kaso ko giram ɗaya.

Kuma ba duk lambar da aka ji ba ce izini. Giram 5 na Holan kau da kai ne kawai: a takarda laifi ne har gobe, ɗan sanda na da ikon ƙwacewa, an dai zaɓi kada a gurfanar. Giram 25 na ganye ko 5 na hashis, wato daskararren ƙaron wiwi, a Fotugal, tun 2001, yana nufin ba kotun laifi za a kai ka ba, gaban wani kwamiti za a tura ka da zai iya cin tararka ko ya haɗa ka da masu jinya. Malta a 2021 ta halatta giram 7, ta sa tara daga 7 zuwa 28. Ingila ba ta da wata lamba sam, mallaka kawai na iya kai wa ɗaurin shekara 5. Abubuwa huɗu ne mabambanta, amma in an zo ba da labari sai a zuba su a kwando ɗaya a ce "Turai sun halatta".

Duk da waɗannan kurakurai, ina goyon bayan a rubuta lamba a doka. Inda babu lamba, ɗan sanda ne ke yanke hukunci da idonsa wane ne mashayi wane ne dillali, kuma kowa ya san a kan wa irin wannan ido ya fi sauka: talaka da baƙo da wanda ba shi da kowa. Wannan damuwa na cikin abin da ya sa Kotun Ƙolin Birazil a Yunin 2024 ta tsayar da giram 40 ko tushe shida mata a matsayin mararraba. Sai dai lamba ta zama mafarin bincike, kada ta zama hukunci. Afirka ta Kudu ta taɓa samun doka mai cewa duk wanda aka samu da fiye da giram 115 an ɗauke shi dillali sai in ya wanke kansa. Kotun Tsarin Mulki ta soke ta a 1995, domin ta juya ƙa'idar cewa mai tuhuma ne ke kawo hujja. Haka nan kasancewa ƙasa da iyaka ba ya kare mai sayarwa. A Birazil ɗin ma, in an ga sikeli da ƙananan ƙulle-ƙulle da littafin bashi, ana iya tuhumar mutum da fatauci ko bai kai giram 40 ba, kuma daidai ne. Dabarar da na fi yaba wa ita ce ta Jamus, da ta bar ɗan fili tsakanin izini da laifi: daga 25 zuwa 30 a waje, ko 50 zuwa 60 a gida, tara ce, sai an wuce nan ake maganar kotun laifi. Wannan fili shi ke shanye kuskuren sikeli da laima.

Baƙo a Amurka yana da wata lambar da jihar ba za ta gaya masa ba. Shige da fice a hannun gwamnatin tarayya yake, kuma a dokarta wanda ba ɗan ƙasa ba ne, in kotu ta same shi da laifin ƙwaya ana iya korarsa, sai fa in laifi ɗaya ne na mallakar giram 30 ko ƙasa da haka na wiwi don amfanin kansa. Oza uku na New York giram 85 ne, kusan ninki uku ke nan. Ko ba a kama mutum ba, amsa wa jami'in shige da fice cewa yana sha na iya jawo a hana shi biza ko takardar zama. Ɗaukar ta daga jiha zuwa jiha laifin tarayya ne, ko da jihohin biyu sun halatta.

A bakin iyakar ƙasa kuwa duk waɗannan lambobi suna faɗuwa. Kanada da kanta ta haramta shiga ko fita da ko nawa ne ba tare da izini na musamman ba, hukuncin na iya kai wa shekara 14. Singafo tana ɗaukar wanda ya haura giram 15 a matsayin mai fatauci, fataucin fiye da giram 500 kuma hukuncinsa kisa ne, kuma a Afrilun 2023 ta rataye wani mutum kan kilo ɗaya da 'yan giram. A Rasha ganyen da bai wuce giram 6 ba tara ce ko tsarewar 'yan kwanaki, amma mararrabar man wiwi giram 0.4 ce kacal. 'Yar wasan ƙwallon kwando ta Amurka Brittney Griner an tare ta a filin jirgin saman Mosko a Fabrairun 2022 da 'yan kwalaben sigarin lantarki masu ɗauke da man wiwi wajen giram 0.7. Tana da takardar likita daga gida, kotu ba ta ɗauke ta hujja ba. Aka yanke mata shekara 9, sai a Disamban shekarar ta fito ta hanyar musayar fursunoni tsakanin gwamnatoci biyu. Giram 0.7 ɗin nan, in ka ɗora shi kan sikelin kicin, wani ma ba zai motsa daga sifili ba.